Ramukan Harsashin Sabo

Har yau ban manta da ranar da Sabo ya toshe wa jirgin yaƙi raunukansa ba. A Libreville ne, shekarar da aka karya darajar sefa, duk abin da ke zuwa daga Faransa ya yi tsada. Wata ƙungiyar tsofaffin matuƙa jirgi, yawancinsu Turawa, tana da jirgin yaƙin duniya na biyu mai farfela ɗaya a wata rumfa kusa da filin jirgi, suna so a mayar da shi kamanninsa na da. Ƙwararren da suka ɗauko daga Faransa ya fi ƙarfin aljihunsu, suka sallame shi, suka zo garejinmu na unguwar Derrière la Prison. Ni ne shugaban masu fenti. Sabo, Bakano, shi ne mai gyaran bodi.

A lokacin ana kamen baƙi. Duk wanda ba shi da katin zama, jandarmomi za su jefa shi a mota, sai tashar Owendo, sai jirgin ruwa ya mayar da shi ƙasarsu. Katin Sabo ya mutu, ga mata da 'ya'ya. Abin da ya tsare shi kawai, shugaban ƙungiyar, wani tsohon hafsa da muke kira Kwamanda, ya tsaya masa a matsayin ma'aikacinsu.

Fentin jirgin yaƙi ba irin na mota ba ne. Ana kankare wanda aka lafta daga baya a hankali har a kai ga na asali, a haɗa launi daidai da shi: kore da ruwan ƙasa a sama, shuɗi mai haske ta ƙarƙashi, ba sheƙi ko kaɗan. Kalma ɗaya Kwamanda ke nanatawa: "orijin". To a gareji, in mai mota ya ce a mayar da ita orijin, yana nufin kamar yau ta fito daga kamfani. A bakin Kwamanda kuwa, yadda jirgin ya dawo daga yaƙi ne.

Ran nan na tafi Owendo karɓo fenti. Ina dawowa na tarar da Sabo yana murmushi. Duk ramukan harsashin da ke jikin jirgin ya bi su da faci ta ciki, ya shafe da mastik, ƙullin nan na cike lotsawar mota, ya goge sumul.

"Alhaji, zo ka shafa," in ji shi. "Ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

Sai ga Kwamanda, ya ga babu ramuka. An zage ni a Duwala, an zage ni a Jidda da Legas, amma ban taɓa jin Faransanci irin na ranar ba.

"Me yake cewa, Alhaji?" in ji Sabo.

"Yana gaishe da iyayenka, ɗaya bayan ɗaya."

"Ka faɗa masa a Kano in aka kawo maka abu mai rami, toshewa ake yi. Wa ya taɓa biyan kuɗi a bar masa huji?"

Ban fassara wannan ba. Kwamanda ya ce ranar Asabar dattijon da ya tuƙa jirgin a yaƙi zai zo bikin buɗewa. In ramukan ba su dawo ba, ya cire hannunsa daga kan Sabo.

Matsalar ita ce aikin ya yi kyau da yawa. Wasu ramukan mun gano su ta ciki, wasu kuwa Sabo da kansa ya kasa tuna inda suke. Ya ɗauki guduma da ƙusa mai kauri yana huda jirgi yana ƙunƙuni: "Tun ina saurayi nake toshewa, yau ni ne Jamus." Da ya gama ya ja baya ya duba, ya ce gefen hagu ya yi fayau, ya ƙara rami guda dab da kujerar matuƙi. Na ce masa can babu rami da. Ya ce, "Alhaji, yaƙi ne, ba a tsara shi."

Ranar Asabar dattijon ya zo yana dogara sanda, lambobin yabo a ƙirji. Ya zagaya jirgin a hankali, ya tsaya daidai ramin nan na ƙarshe. Ya sa yatsa a ciki, hawaye suka zubo. Ya gaya wa jama'a wannan ne harsashin da ya wuce ta gefen cinyarsa, har yau yana jin ƙararsa. Aka yi tafi.

Kwamanda ya san jirgin nan kamar ɗakinsa. Ya dube ni, ya dubi Sabo, shi ma ya tafa. A satin nan, da kansa ya raka Sabo aka sabunta masa kati.

Ku da kuke wannan sana'a yanzu, in mai aiki ya faɗi kalma, ku tambaye shi me take nufi a garinsu kafin ku ɗauki mastik. Ku kuma sani, mai kawo tsohon abu gyara labarinsa yake so a adana masa, kuma ba kasafai yake bincika wa ya huda ramin ba.