Tagar da Aka Liƙe

Yau shekaruna saba'in da takwas a duniya, abin da zan ba da labarinsa kuwa shekara huɗu ke nan da aukuwarsa. Ɗanmu na fari, wanda ke neman ilimi mai zurfi a Kuala Lumpur, shi ya ɗauko ni da mahaifiyarsa domin a duba ciwonta da ya gagari likitocin gida. Na can ma suka yi iyakar ƙoƙarinsu, sa'an nan suka sallame ta.

Masaukinsa wani dogon bene ne daura da unguwar Kampung Baru. A zauren shiga an rataye takardar shaida, wadda ke tabbatar da cewa ginin ba ya ɓarnar wutar lantarki. Yaron har tinƙaho yake yi da ita. Domin samun takardar nan aka liƙe tagogi da gilashi mai kauri, kada sanyin na'ura ya fita, kada zafi ya shigo. Zafi bai shigo ba, haka nan kiran salla.

Matar da tun aurenmu muryar ladanin unguwa ke tashinta, ga ta kwance tana hangen hasumiyar masallaci, ba ta jin kome. Yaron ya kunna mata kiran salla a waya. Ta ce, "Kai, ɗauke mini abin nan. Ladanin da ba ya tari ai ba ladan ba ne."

Na zuba babbar riga, na sauka wurin mai kula da ginin. Ni da ban saba roƙon ɗan Adam ba, na roƙe shi a cire gilashi guda. Ya girmama furfurata, amma ya ce ba dama, masu duba gini suna tafe sabunta takardar. Da na koma na shaida mata, ta yi murmushi ta ce, "Malam, ashe akwai inda rigarka ba ta ci."

Ran wata Juma'a mai gadi ya buɗe mana ƙofar rufin benen. Muka hau da ita bisa keken marasa lafiya, muka tsaya tsakanin farantan sola, rana kamar ta narka mutum. Da ladan ya ɗaga murya, iska ta kwashe rabi, ƙugin motoci ya cinye wani, amma ta tsinkayi kalmar shahada. Ta amsa. Ba ta ƙara jin wani kiran ba. Kafin Juma'a ta kewayo mun kai ta makwancinta a ƙasar da ba tamu ba.

Ba ni kaɗai na shaida wannan ba. Akwai ɗana, da surukata matarsa, da mai gadin nan, mutumin Indonesiya, wanda ya tsaya yana riƙe mata laima.