Malam Attahiru da Kwamfutar da Ta Yi Sanayya

Kullum da safe, kafin ya gama amsa gaisuwa, Malam Attahiru ya riga ya zauna a ɗan ofishinsa na unguwar Damba a Gusau yana duba abu guda: wa ke da izinin buɗe wane fayil. Asibitocin ƙungiyarmu uku ne, Gusau da Tsafe da Bungudu, kuma kwamfutocinsu duk a rumbu ɗaya suke ajiya. Shi ke tsaron rumbun. Mu ma'aikatan jinya mun sha yi masa tsiya, muna ce masa Malam Ba-Shiga, domin ko likita ne ya manta lambar sirrinsa, sai ya zo da ƙafarsa.

A rumbun nan akwai bayanan matan da suka dawo daga hannun 'yan bindiga. Abin da suka faɗa mana, wasunsu ko iyayensu mata ba su faɗa wa ba.

Wata shekara aka sauya wa wani akawunmu na Tsafe wurin aiki. Ashe ƙanin mijin ɗaya daga cikin matan ne, kuma ya fara yawan tambaya a kanta. Abin da ke cikin fayil ɗinta ya isa ya kashe mata aure. Malam Attahiru ya janye izinin akawun daga Gusau, amma hankalinsa bai kwanta ba, sai ya gwada shiga da sunan mutumin. Gusau ta ƙi. Bungudu ta ƙi. Kwamfutar Tsafe kuwa ta ce bismilla.

Nan take ya rufe rumbun gaba ɗaya, ya hau mota ya taho. Ina Tsafe ranar, layin marasa lafiya har bakin titi, na tare shi da faɗa.

"Malam, mutane na jira, ka kashe muna aiki!"

"Yi haƙuri, Ummi," in ji shi. "Wagga kwamfuta sanayya taka yi. Wanda duk ta taɓa buɗe ma ƙofa, ba ta sake tambayatai, ko an kore shi."

Matsalar tana can cikin ƙashin bayan manhajar, a ɓangaren da ke raba fayil tsakanin kwamfutoci. Maimakon ta sake tambayar rumbu, sai ta riƙe tsohon izini. Ya yi makonni yana bin rubutun manhajar layi-layi har ya gyara, ya aika wa masu kula da ita a ƙasashen waje, suka karɓa. Mu kuma muka koma biro da takarda muna ta ƙunƙuni. Shugabanni ma sun ja masa kunne, amma bai buɗe rumbun ba sai da ya gama gyaran.

Malam, kai ne mai makullin kowane ɗaki, amma ba ka taɓa leƙa ko ɗaya ba. Yanzu da za ka ajiye aiki ka koma gona a Wanke, ina jin kewa da fargaba, ba zan ɓoye ba. Mun gode, Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira. Nura, kai da za ka gaji kujerarsa, da duk wanda aka damƙa wa sirrin mutane, ku gaji taurin kansa.

Watan jiya matar nan ta zo awo da goyo a bayanta, mijinta na jiran ta a kan babur. Ta wuce Malam Attahiru a baranda, ta ce masa ina kwana, ya amsa. Ba ta san shi ba. Shi ma har yau bai san ita ce ba.