Godiyar Inna a Taron Ambaliya

Akwai wani taro da aka yi a unguwarmu a Dakoro wanda ko tsufa ya cinye min haƙora ba na jin zai fita daga raina. Taro ne a kan ambaliyar ruwa, amma duk sa'ad da na tuna shi dariya ce take fara zo min.

Unguwarmu a kwari take, kusa da tabki. In aka yi ruwa mai ƙarfi, duk abin da ya sauka a tudu wurinmu yake gangarowa. A daminar waccan shekarar ruwa ya shiga ɗakin uwar mijina, wadda nake kira Inna, har bango ɗaya ya zube. Wata mai fura da ke zaune a kan tudu ita ta sauke ta, har da awakinta, sai da aka gyara ɗakin. Ni kuwa da tsohon ciki na yi ta kwalfe ruwa da roba.

Bayan kaka sai mai unguwa ya sa aka yi shela cewa baƙi za su zo daga Maradi, masu binciken hanyoyin ruwa. Za su zagaya unguwanni su ji ta bakin jama'a, kuma unguwar da ta fi shan wuya a can za a fara haƙa magudanar ruwa. Na yi murna ƙwarai. Na ce a raina, in dai shan wuya ne, ba mu da abokin takara.

Aka taru da hantsi a filin lakwal, wato makarantar boko, ƙarƙashin itatuwan bedi, maza a gaba, mu mata a baya. Shugabar baƙin wata mata ce mai fara'a da kowa yake ce wa Madam. Ta kafa taswirar gari a jikin allo, ta ɗaga jan alƙalami, ta ce duk gidan da aka ce ruwa ya yi wa ɓarna za ta ɗiga masa ja. Sannan ta tambaya, wa zai fara?

Aka bar wa uban mijina magana, don shi ne babba a wurin. Baba ya gyara zama ya ce, "Madam, ruwa dai gyara ya yi. Mu da munka hita roƙon ruwa da bakinmu, yau kuma mu taru mu kai ƙarar shi?"

Maza suka amsa baki ɗaya, "Gyara ya yi, alhamdulillahi."

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba zai ce wauta ce. Amma Baba daga wajen Korahane ya dawo gari bayan fari ya cinye masa shanu, kuma kusan kowane tsoho a wurin yana da irin wannan tabo. A wurinsu ruwa rahama ne, ba a kushe shi a gaban jama'a, ko da kuwa da gadonka ya tafi.

Madam ta yi murmushi ta ce, "Baba, ni ma ɗiyar ƙasar ga ce, na san wannan amsa. Amma ba gaisuwa na zo yi ba. Abin da kunka hwaɗi shi zan kai."

"To ki kai wannan," in ji Baba.

Aka yi dariya, ban da ni. Ina kallon taswira fara fat a wajen unguwarmu, alhali unguwar da baƙin suka baro ta sha ja. Raina ya ɓaci sosai. Na hango mijina, ko zai ce wani abu, sai na ga ya duƙufa yana duban takalminsa kamar yau ya saye shi. Ni kuma ina ni ina buɗe baki in musa wa suruki a bainar jama'a? Madam har ta fara neman murfin alƙalaminta.

A lokacin ne idona ya faɗa a kan mai fura, tana zaune can gefe. Tun da aka gyara ɗaki Inna take damuna da cewa ba ta san yadda za ta saka wa matar nan ba. Sai na matsa kusa da kunnenta na ce, "Inna, ga mai hura can. Yau ga jama'a, ga baƙi. In ba yau kunka gode mata ba, yaushe?"

Inna ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe.

"Ni ba ƙara na kawo ba," in ji ta. "Godiya ce zan yi ma baiwar Allah ga. Ranar da ruwa ya kawo min nan," ta nuna gwiwarta, "ita ta shigo ta jawo ni, ta ba ni ɗaki, ta ɗaure min awaki. Allah shi saka mata."

Aka amsa da amin. Madam ta ce a hankali, "Inna, ina gidan naku yake?" Inna ta kwatanta mata, sai ga jan ɗigo na farko.

Ai kuwa kamar an ɓalle bakin tabki. Wani tela ya ga in ya yi shiru za a ce butulu ne, ya miƙe ya gode wa mai amalanken da ya fitar masa da keken ɗinki. Wata ta gode wa wadda ta ara mata tukwane bayan nata sun bi ruwa. Har rigima aka so a yi, don wani mahauci ya ce shi ma ya kama wa tela ɗaukar kaya, me ya sa ba a ambace shi ba? Madam ba ta ƙara furta kalmar ɓarna ba. Kowa ya gama godiya, sai ta ce amin, ta tambayi inda gidansa yake.

Saura Baba. Amininsa, wanda ya ajiye masa hatsi a rumbunsa, yana zaune daf da shi yana ta gyaran murya. Da abin ya ishi Baba, sai ya miƙe ya gode masa a kan damman geron da ya tsamo masa ranar da rumbun Baba ya kwanta.

Madam ta ce cikin tsokana, "Ashe dai ruwa ya yi ɓarna, Baba?"

"A'a, ɗiyata. Ruwa gyara ya yi. Gidana ne ya tsaya mishi bisa hanya."

Har liman sai da ya rufe baki da rawani don dariya. Kafin azahar unguwarmu ta yi jajir a jikin taswira.

A hanyar gida ina ta jin daɗin dabarata, sai Inna ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Kin ɗauka ban gane ba ko? Tun ɗazu nike neman ƙohwar da zan bi, ba tare da na kunyata tsoho ba."

An ɗan ja lokaci, amma daga unguwarmu aka fara haƙa magudanar. Ɗiyar da nake ɗauke da cikinta a lokacin ambaliyar yanzu tana lakwal, kuma ba ta taɓa ganin ruwa a cikin ɗaki ba. Baba, har Allah ya karɓi ransa, in an tambaye shi ya ruwa, amsarsa ɗaya ce.

Abin da na koya a ranar shi ne, mutanenmu ba ɓoye gaskiya suke yi ba, kunyar Allah suke ji su yi kuka da abin da suka roƙa. In kana son sanin wuyar da suka sha, kada ka tambaye su abin da suka rasa. Ka tambaye su wanda ya taimake su, za su faɗa maka komai.