Awa Shida A Cikin Bakin Yaya

Maɓalli ne ya ci amanar Anti Sake. Tana zaune bayan gilashi a ɗakin ɗaukar murya, ta ɗauka ta kashe abin magana, sai ta yamutsa fuska ta ce wa mai injin, "Wannan baki kamar ana zare takalmi daga taɓo." Ashe maganar ta wuce kai tsaye cikin kunnen mai karatun. Mai karatun kuwa yayan mijinta ne.

Aikinta horar da masu karanta littattafan da ake naɗa don saurare, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ita ke nuna inda za a ja numfashi da inda za a sassauta. Sunan ma bakinta ne ya jawo mata, don ko gaisuwa ka yi da sauri sai ta ce sake. 'Yan unguwa na ganin ta huta, tana zaune a sanyi ana yi mata karatu. Ba su san abin da ke shiga kunnen baiwar Allah ba. Na'urar da take sawa a kunne ba ta da kara. Haɗiyar yawu, kukan ciki, majinar da aka ja aka mayar, duk har tsakiyar kai take kai mata.

Yaya tsohon malamin makaranta ne, ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya rantse ba mai karanta shi sai shi. Ta roƙe shi ya ajiye alawar da yake tsotsa, ya ce tsotso na gyara murya. Kowane shafi sai ya lashi yatsa kafin ya juya, haƙoran roba kuma na ƙwas-ƙwas a ƙarshen kowace jimla.

Da ya ji zancen taɓo, sai ya wuce ofishin mai kamfanin. Aka kira ta aka ce ta saki littafin yadda yake, ko ta bar wa wani kujerar.

Ta ba Yaya haƙuri har da rusunawa, a gaban mai kamfanin da mai injin. Sannan ta ce, "Yaya, kafin a sake shi, ka ji aikinka mana." Ta ɗora masa abin kunnenta, ta ƙure ƙara.

Ya fara gyaɗa kai yana murmushi. Can murmushin ya tsinke. Ya ture alawar gefen kumatu, ya waiga baya, ya fizge abin daga kansa.

"Wane ƙazamin ne ke cin abinci ana ɗaukar littafina?"

Mai kamfanin ya hau tarin ƙarya. Mai injin ya sunkuya neman abin da bai yar ba.

Yaya ya gane bakinsa ne, ya tofa alawar a hankici. "To ai ke ce mai horarwar. Don me ba ki faɗa ba tun farko?"

"Na faɗa, Yaya, ka ce gyaran murya ne. Minti ɗaya ka ji ka cire. Ni awa shida na yi a cikin bakin nan. Koma shafin farko, sake."