Yaren Mesa

Aji biyu na yi a sakandare kafin noman masara ya janye ni, amma a unguwarmu a Tudun Wada wannan ya ishe ni ba da fatawa kan duk abin da ake jona wa wuta.

Jikata, wadda nake kira amarya, ta samu tsohuwar kwamfuta wajen kawunta na Kwanar Dangora, tana koya wa kanta haɗa manhaja. Ran nan ta same ni gindin darbejiya.

"Tsoho, yarukan kwamfuta da yawa suke. An ce in fara da wannan, me ka gani?" Ta rubuta mini sunan yaren da Turanci a tafin hannu.

Na ce ta ba ni zuwa azahar. Na ɗauko ƙamusuna da gara ta ci rabi, na duba kalmar, sai ga fassara: mesa. Da la'asar na sanar a majalisa cewa amaryata ta fara yaren mesa, nan gaba ita ce tafinta a dajin Falgore.

Kafin magariba zancen ya kai kunnen ubanta, wato ɗana, wanda ko igiya ya gani a hanya sai ya canza layi. Ya kulle kwamfutar a adaka, ya ce shi bai haifi mai wasa da maciji ba.

Ta zo mini ido jajir. "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. In ba haka ba, ka nemi wata amaryar."

Na zura babbar riga na same shi.

"Kai, sau nawa ka je garin Kura?"

"Ba adadi, Baba."

"Kura ce ta auna maka shinkafa?"

"Amma Baba, kai fa ka faɗa."

"Suna ne kawai. Yanzu ga shawarata ta masana. Ta fara da mesar, an ce ta fi sauƙin kai. Littafi, ta koma na lissafi, ta bar ƙamus, ya tsufa. Fim kuwa, duk wanda ta ga mutum na dukan madannai kamar kalangu, ta kashe, ƙarya ce."

Daga ƙarshe ya miƙo makulli, bisa sharaɗin kwamfutar ta riƙa kwana a ɗakina tunda ni na tsaya mata.

Wata uku kwamfutar ta yi tana kwana can. Ni kuma na koma zaure, saboda zafi.