Zamanin da Babu Jarumi

Shekara talatin da ɗaya Lindsay Trevorrow ya yi yana rabon wasiƙu a Moonta, har karnukan garin sun san ƙarar babur ɗinsa. Bai taɓa aure ba. Hankalinsa duk yana kan wani littafi mai jan bango, wanda a ciki ya ƙirƙiri wata ƙasa da dokokin wasanta, ya raba tarihinta zamani uku: na jiragen ruwa, na haƙar jan ƙarfe, da na dodanni. Ya yi imani kowane zamani da irin mutanen da yake haifarwa.

Duk Lahadi da rana mutum uku ke zagaye teburin kicin ɗinsa. Shi ke jan labari, su kuma kowa ya zama mutum ɗaya a cikinsa, in an zo wurin gardama a jefa ƙwaya mai fuska ashirin ta raba. Noelene ma'aikaciyar jinya kullum ita ce ɓarauniya, wai ta gaji da ceton rai. Col mahauci shi ne boka. Stavros mai shagon kifi kuwa jarumi, ko sama da ƙasa za su haɗu.

"Ka ajiye takobin nan, Stavros," in ji Lindsay. "A ramin ƙarfe muke. Dutse za ka sara?"

"Kai zan fara sarawa, ɗan rainin hankali. Miƙo butar shayi."

Ciwon daji ya ɗauke Noelene. Col ya bi ɗansa zuwa birnin Darwin, ya rubuto sau biyu, sai shiru. Daga baya ɓarin jikin Stavros ya shanye, 'yarsa Eleni ta tafi da shi birnin Adelaide. Lindsay ya yi ritaya a shekarar. Ya zauna a kicin shi kaɗai, shekara biyu cur, yana rubuta zamani na huɗu, zamanin fari da rashin ruwa. Bai sa jarumi a ciki ba. Ya sa mai haƙar rijiya, mai binne gawa, mai kai saƙo, da mai riƙe sunayen garuruwan da aka tashi aka bari.

Da ya gama, ya hau bas ya kai littafin taron masu irin wannan wasa a Adelaide. Aka ba shi tebur kusa da ƙofar bayi. Ya jera kujeru huɗu, ya fere fensura. Jama'a na ta wucewa. Wata budurwa mai koren gashi ta tsaya ta buɗa littafin.

"Ba matsafi, ba dodo? To da wa ake faɗa, Baba?"

"Da ƙishirwa."

"Allah sarki," ta ce, ta yi gaba.

Ya ci burodin da ya ƙunso. Ya sake fere fensuran.

Bayan ƙarfe uku sai ga Eleni tana turo Stavros a keken guragu. Bakinsa ya karkace, magana da ƙyar. Ya daɗe yana bin takardun da ido.

"Ina… jarumina?"

"Babu shi, mutumina. Zamaninsa ya wuce."

"Mugu." Ya ɗora yatsa kan mai haƙar rijiya. "Wannan. Ko ba komai yana da diga."

Suka yi wasa minti arba'in. Stavros na jifa da hannun hagu, ƙwayar na faɗuwa ƙasa, Lindsay na durƙusawa yana ɗaukowa. Rijiyar ta kai gaba tara, da ruwa ya ɓullo sai ya zama na gishiri. Stavros ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Eleni ta goge masa baki, ta ce lokacin magani ya yi.

Cikin watan Yuni, lokacin sanyi a ƙasarsu, Stavros ya rasu. Lindsay ya je jana'iza a cocin Girkawa, ƙabilar su Stavros, ya zauna a layin baya, bai fahimci ko kalma ɗaya a addu'ar ba. Da aka fito Eleni ta roƙe shi ya ce wani abu a wurin cin abinci, tunda ya fi kowa sanin babanta. Ya ce bas ɗinsa na ƙarfe biyar ne. Ƙarfe ɗaya da rabi ya isa tasha, ya zauna a benci yana jira.