Ruwan Zafin da Na Watsa a Gindin Tsamiya

Jama'a, wallahi ni abin nan ya faru da ni, ba ji na yi ba. Lokacin maigidana yana aikin duba ƙofofin ruwa na kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure, 'yata Hanifa tana wata bakwai a goye. Wata Juma'a ya ce in shirya mu gaido mahaifiyarsa a ƙauye, muka shiga motar aikinsa mai jan taya huɗu, shi kuwa ya ce zai yanke ta bayan gonakin tumatir, wai motarsa ba ta san yashi ba.

Ai kuwa ta sani! Muna gangara wani busasshen rafi ta nutse har ciki. Ya sauya giya, ya rage iskar tayoyi, ya cusa kara da tabarmata a ƙarƙashi, ita dai sai gurnani take tana ƙara binne kanta. Ga waya ba sabis, ga magariba ta kawo kai. Ya ce, "Maman Hanifa, yau nan za mu kwana." Na ce, "Motar da ba ta san yashi ba?" Ya koma tonon yashinsa.

Na haɗa 'yan itatuwa a gindin wata tsamiya na dafa ruwan kunun yarinya, hankalina duk a tashe, sai kawai na watsar da ragowar ruwan zafin a saiwar bishiyar. Ni da nake hana kowa a gida zubar da ruwan zafi ba bisimilla, ranar ban yi ba.

Nan take Hanifa ta tsala ihu, irin wanda ban taɓa ji ba. Na kwance goyo na duba, ba kunama ba cinnaka, amma tafin ƙafarta ta hagu ya yi jawur. Ina ɗagowa sai ga wata tsohuwa tsaye, rungume da abu cikin zane, alhali maigida yana can yana tonon yashi bai ga wucewar kowa ba.

Ta ce, "'Yar nan, haka ake yi? Ki sauka a ƙofar mutane ba sallama, ki ƙona min jika?"

Na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe min don Allah, mantuwa ce." Tausayi ya kama ni ma fiye da tsoro, don abin cikin zanen shesshekarsa irin ta Hanifa ce sak. Na ɗauko gwangwanin man kaɗanyar da nake shafa wa 'yata na miƙa mata da hannu biyu.

Ta daɗe tana kallon ƙafar Hanifa, sannan ta ce, "Da ba ki bayar ba, da da ƙafa ɗaya za ta taka ƙasa." Ta zaga bayan tsamiya. Kukan biyu ya tsaya lokaci guda.

A mota muka kwana, ina ta Ayatul Kursiyyu. Da asuba maigida ya tada motar, ta fita sumul kamar a kwalta. Gwangwanin kuwa yana kan murfin mota, an kwashe man tas, da sawun 'yan yatsu ƙanana a ciki.

Hanifa yanzu ta yi sauka, tana tafiyarta lafiya, amma tabon ƙuna yana nan a tafin ƙafarta, ita da wuta ba ta taɓa taɓawa ba. Allah shi ya san gaibu. 'Yan'uwana mata, ko ruwan wanke-wanke ne, ku yi bisimilla kafin ku zubar, ba ku san ɗan wa ke kwance a wurin ba.